Furannin Da Suka Kashe Mini Ɓerayen Masar

Danuta, ke kika kashe su. Ke dai, Danuta mai shagon furanni na gaban tashar bas, uwar mijin jikata. Ba annoba ba ce, ba sanyi ba ne, ba kuma ƙazantata ba ce kamar yadda kike gaya wa masu shiga shagonki. Ke ce. Da hannun ɗanki kika yi don naki ya fita fes, amma ni Genowefa ina nan da raina, kuma bakina bai mutu ba.

Ku yi haƙuri, masu karatu, na tare ku da ihu tun daga ƙofa. Waɗanda suka daɗe suna bin shafin nan sun san ni da Gienia, sun kuma san ba da hannu nake rubutu ba. Ban daɗe a makaranta ba aka cire ni aka tura ni gonar dankali. Magana nake yi wa wayar, ita kuma ta rubuta. Jikata Jagoda ce ta koya mini, ita ce kuma take dubawa ta goge zagin kafin a saka. Yau ba ta duba ba. Duk abin da kuka gani, haka ya fito daga bakina.

Wanda yau ya fara shigowa, bari in gaya masa. Bayan gidana akwai tsohuwar rumfar da marigayi mijina yake tara itace. A nan nake riƙon ɓerayen Masar da mutane suka yar. Kun san yadda abin yake. Watan Mayu yara su karɓi Jibin Ubangiji na farko a coci, a sa musu fararen kaya, kawu ya zo da keke, gwaggo ta zo da ɓeran Masar a kwali. Kafin hutun makaranta ya ƙare yaron ya gaji da shi, uwar ta gaji da wari, sai kwalin ya kwana a gindin bola ko a ƙofata. Na tsinci wanda farcensa ya nannaɗe ya shige nama. Na tsinci wanda haƙoransa suka yi tsawo har ba ya iya tauna. Na tsinci wadda ƙazuwa ta cinye wa gashi tas, kamar an fige kaza. Duk na wanke su, na yi jinyarsu, na sa musu suna.

Dabbar nan ba ta rayuwa sai da ingirici, wato busasshiyar ciyawa, kuma bakinta ba ya tsayawa. In cikinta ya wuni fayau, shi ke nan ta tafi. To bana fari aka yi. Manoma ba su samu yankan ciyawa na biyu ba, wanda ya samu kuma ya riƙe wa shanunsa. Fanshona ni kaɗai ma da ƙyar yake kai ni ƙarshen wata. Ku ne kuke riƙe da rumfar nan, wannan ta aiko buhu, wancan ya turo ɗan abin da ya samu. Amma na lokacin sanyi, sa'ad da dusar ƙanƙara za ta rufe ko'ina, ban san ta inda zai fito ba. Shi ne abin da ya hana ni sakat tun watan Yuli.

Ina cikin wannan tunanin, wata Asabar muna murza ƙullun pierogi a kicin, abincin nan na fulawa da ake cusa wa nama ko dankali, Jagoda ta ajiye muciya ta ce, "Kaka, na samo mana mafita."

Na ce, "In cewa za ki yi a rage su, wanke hannunki ki fita."

"Haba Kaka, ki bari mutum ya kai aya mana. Bikina nake nufi."

Ita Jagoda ni na raine ta. Uwarta ta tafi Italiya jinyar tsofaffin wasu tun yarinyar tana rarrafe, ta ce shekara ɗaya za ta yi, ga shi har yau katin Kirsimeti muke gani. Saboda haka in na ce jikata, 'yata nake nufi.

Ta ce, "In an fito daga coci, baƙi su yi layi suna yi mana fatan alheri, kowa da damin furanni, ko? Kwana biyu su bushe a bokiti a zubar. Yanzu an daina wannan. Wasu su rubuta a katin gayyata a kawo musu littattafai don marayu, wasu abincin karnuka. Ni zan rubuta a kawo ingirici da abincin ɓerayenki maimakon fure. Mutum sama da ɗari, Kaka. Ko rabinsu suka kawo, kin haye."

Na dube ta. "Kin manta abin da uwar saurayin naki take sayarwa?"

"Radek ya ce zai yi mata magana."

"Radek? Wanda in uwarsa ta yi atishawa shi yake ba da haƙuri?"

Ta jefe ni da gari a fuska, muka yi ta dariya. Allah ya sani, ranar da farin ciki na kwana.

Kada ku ɗauka ƙin yaron nake yi. Ranar da ya fara zuwa neman Jagoda, da farar riga da kwalin cakulan, kai tsaye na ja shi rumfa, don ni a can nake auna mutum. Ya yi atishawa har idonsa ya yi ja. Na ɗora masa Minista a hannu, wani ƙaton ɓera mai teɓa da ba ya aikin komai sai ci. Minista ya yi masa fitsari a gaban riga. Yaron bai yar da shi ba, ya kira ni da Pani, yadda ake girmama mace a nan, ya ce, "Pani Gienia, ina jin ya karɓe ni." Na ce a raina, wannan ba zai doki 'yata ba. Abin da ban auna ba shi ne, wanda bai iya ce wa ɓera a'a ba, yaya zai yi da uwarsa? Shi yake tuƙa mata motar kai furanni, a saman shagonta yake kwana, nan kuma aka shirya zai kai amaryarsa.

Da katin ya fito da layin ingirici a ƙasansa, sai ga Danuta ranar Lahadi da kek a hannu, takalmi mai tsini, turare har titi. Ta leƙa rumfa da hankici a hanci. Ɗan Sanda, ɓeran da yake busa usur da ya ji motsin ƙofa, ya tashi sauran, rumfa ta ɗauki ƙara.

Ta ce, "Kai, abin sha'awa! Har nawa ne, Pani Gienia?"

Na ce, "Sun fi 'yan majalisar gari yawa, sun kuma fi su amfani."

Ta yi 'yar dariyar da ba ta wuce haƙori ba. "Ai abin da yaran suka rubuta ya yi kyau ƙwarai. Zamani ne. Mu namu addu'a."

Na raka ta har mota ina jin kunyar zaton da na yi mata. Ku ji wauta!

Ranar biki na sa rigata shuɗiya mai duhu, wadda na ɗinka tun jana'izar mijina, na maƙala mata farin leshi a wuya don kada ta yi kama da makoki. Takalmin ya matse ni, ban damu ba. Maƙwabcina Lucjan ya wanke taraktarsa, ya ɗaura mata amalanke, muka yi masa ado da fararen ƙyallaye, ya ajiye a gefen coci don a loda ingirici. Har cewa ya yi, "Gienia, in bai ɗauke ba, sai in yi sawu biyu."

Jagoda ta fito kamar a sace ta. Doguwar farar riga mai hannun leshi, gashi an tufke shi da 'yan kunnen kakata a kunnenta. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Danuta kuwa riga kalar hanta ta sa, da hula mai gashin tsuntsu da ta tare wa mutum uku ganin limamin coci.

Aka fito, aka yi layi. Na tsaya kusa da amalanke ina gyara tsayuwa.

Na farko, fure. Na biyu, fure. Na uku, fure da ya kusa fin mai riƙe da shi tsawo. Farin lili, jan wardi, kwanduna da ganyen shinge an zagaye su, duk a naɗe cikin takarda mai tambarin shago ɗaya. Ƙawayen amarya suna karɓa suna jibgewa a kan benci har benci ya ɓace. Abokan aikin Jagoda ne kaɗai suka zo da 'yan ƙananan ledoji na ingirici, irin na kanti, suna ɓoye su a bayansu kamar sun yi laifi. Lucjan ya karɓa ya jera a tsakiyar amalanke. Ko kusurwa ɗaya ba su rufe ba.

Na ga fuskar Jagoda. Tana murmushi tana karɓar sumba a kumatu, idonta yana kaina.

Na tare wata gwaggon ango, tsohuwa mai sanda, na ce, "Baiwar Allah, ba ki karanta katin ba ne?"

Ta ce, "Na karanta mana! Har na sa jikana ya nemo mini dami. Sai Danuta ta kira ni ta ce wasan yara ne, kada mu kunyata dangi mu shigo coci da ciyawa kamar za mu turke. Ta ce mu zo shago, ta ma yi mana ragi. Kowa ta kira. Ke ba ta gaya miki ba?"

Lucjan ya tayar da tarakta ya tafi da amalanke yana ƙara kamar gwangwani. Wannan ƙarar har yanzu tana kaina.

A wajen walima na daure har aka sha romon kaza da taliya, aka ɗaga kofi na farko. Sannan na same ta a bakin ƙofar kicin tana ba masu rabon abinci umarni.

Na ce, "Pani Danuta, abincin sanyin dabbobina kika sayar a kan kantar shagonki."

Ta kama hannuna biyu kamar ta ga 'yar'uwa. "Haba surukata, yau ranar faɗa ce? Mutane ne suka ga dama. Ɗana guda ɗaya zai yi aure, a ce ba fure a bikin ɗan mai furanni? Garin nan da me zai tuna ni?"

"Da ƙarya."

Ta saki hannuna, murmushin bai motsa ba. Ta ce, "Kwantar da hankalinki. Ba abin da zai tafi a banza. Ɓerayenki za su samu rabonsu."

Na ɗauka kuɗi take nufi. Na ce a raina, to, ko da zagi ta haɗo shi zan karɓa, ba don ni ba.

Washegari akwai zaman cinye ragowa, kamar yadda aka saba. Ni ban so zuwa ba. Jagoda ta turo saƙo, wayar ta karanta mini: "Kaka don Allah ki zo. In ba ki zo ba za a ce fushi kike. Awa biyu kawai." Na ba dabbobina abinci, na canza musu ruwa, na kulle rumfa, na tafi. Aka zauna ana cin kabeji da nama na jiya, ana ta maimaita wa ya faɗi a wajen rawa. Na lura kujerar Radek ba kowa. Na tambayi Jagoda, ta ce, "Mama ta aike shi ya kwashe furannin daga zaure." Har ta fara ce mata Mama. Ban kawo komai a raina ba. Na manta makullin rumfa na biyu yana cikin jakar Jagoda tun tana makaranta.

Da la'asar na dawo. Na tura ƙofar gida, ta yi ƙugin da ta saba.

Shiru.

Ku da ba ku taɓa riƙon dabbar nan ba, ba za ku gane ba. Ƙofar nan in ta yi motsi, rumfa gaba ɗaya sai ta ɗauki fito, ko sun ƙoshi. Shekara da shekaru ban taɓa shiga gidana ba a tarbe ni ba. Na yar da jaka, na cire takalmi, na ruga da ƙafa.

Ƙamshi ne ya fara dukana, kamar an buɗe akwatin gawa. Kowane keji an cika shi da fure. Lili, wardi, ganyen shinge, ganyen nan mai hawa bango, da ƙyallayensu, da wayoyin da ake ɗaure su, da koren soson da ake soke su a ciki, da ƙyalƙyalin da ake fesa musu. Sun ci. Me zai hana su ci? Kore suka gani, kuma duk abin da ya shigo kejin nan daga hannuna yake zuwa, ban taɓa cutar su ba.

Minista yana kwance a gefe, cikinsa ya kumbura kamar ganga, yawu ya jiƙa masa haɓa. Ɗan Sanda ya buɗe baki zai yi mini fito, ba abin da ya fito. Gimbiya, mai dogon gashi da nake tajewa duk Lahadi, tana karkarwa da farin ƙyalle a bakinta.

Ban san ihun da na yi ba, sai ga Lucjan ya tsallako shinge da shekarunsa. Muka kwashe furannin da hannu muna watsarwa waje, muka jera marasa lafiyan a kwandunan wanki, ya zuba mu a motarsa. Likitar dabbobi tana cin abinci da iyalinta muka buga mata ƙofa. Ta duba kwando ɗaya ta ce, "Wane mahaukaci ne ya ba su lili?" Ta ɗura musu gawayi, ta yi allurai, ta ba ni sirinji in riƙa ɗura musu abinci. Ta ce, "Pani Gienia, ba zan yi miki ƙarya ba. Wasu za su tashi, wasu ba za su tashi ba."

Minista a cinyata ya cika, a cikin motar, a kan rigar biki. Sauran suka riƙa binsa ɗaya bayan ɗaya a cikin makon. Ina ɗura wa wannan, wancan yana miƙewa. Lucjan ya haƙa rami a gindin bishiyar bayan gida, ya dawo ya faɗaɗa shi, ya sake dawowa ya faɗaɗa. Daga baya ya bar shebur ɗin a wurin, ya ce ba amfanin mayar da shi. Kusan rabin rumfar ya tafi. Waɗanda suka rage sun rame, ba sa fito, kallona kawai suke.

Yanzu za a ce kuskure ne. To ku saurara. Danuta ta fi shekara talatin tana sayar da fure. Da kunnena, a shagonta, na ji ta hana wata mata sayen lili, ta ce, "In kina da kyanwa kada ki kai shi gida, ko garinsa ta lasa ta mutu." Ta san na kyanwa, ba ta san na ɓera ba? Ita take fesa musu maganin ƙwari da hannunta, da safar roba. Ko ta sani ta yi, ko kuwa ba ta ɗauke su rai ba har ta tsaya tunani. Ta zaɓi wanda ya fi mata daɗi, duka biyun kisa ne.

Amma abin da ya sa nake wannan maganar yau bai ma zo ba tukuna.

Ina tsakiyar jinya saƙonni suka fara shigowa. Wata mata da take aiko mini buhu duk wata ta ce: "Barka Pani Gienia! Mun ga kin samu mai ɗaukar nauyi. Bana sai mu juya wajen masu riƙon bushiya." Wani ya ce: "Allah ya saka wa shagon nan, yanzu hankalinmu ya kwanta." Na kai wa Lucjan wayar na ce ya nemo mini abin da suke nufi. Ya sa tabarau, ya daɗe yana dannawa, sannan ya juyo mini da ita.

Hoto ne a shafin shagonta. Gimbiya ce zaune a tsakiyar farin lili, tana ci, kyakkyawa kamar a kalanda. Radek ne ya ɗauka kafin ya kulle ƙofa. A ƙasa an rubuta wai shagon Danuta ya ɗauki nauyin ɓerayen Masar na garinmu, wai soyayya ba ta ƙarewa a coci. Mutane sun cika wurin da alamun zuciya. Hoton yana nan har yanzu. Wadda take cikinsa tana ƙarƙashin ƙasa.

Tun daga ranar buhu ɗaya bai shigo gidan nan ba. Da labarin mutuwar ya fara fita kuma, sai ta riga ni. Duk wanda ya shiga sayen fure sai ta girgiza kai ta ce, "Tsohuwar nan ta tara abin da ya fi ƙarfinta. Mun yi iya ƙoƙarinmu, amma ƙazanta ba ta da magani."

Shekaranjiya da hantsi suka zo, Jagoda da Radek. Ya sauke dami ɗaya na ingirici daga motar shago, ya tsaya a tsakar gida yana murza hula. Ya rame shi ma.

Ya ce, "Kaka, ban sani ba. Na rantse ban sani ba. Mama ta ce in ba ki mamaki. Ta ce ai ciyawa ciyawa ce, ɓera ba ya zaɓe."

"Ka tambaye ta ko zai cutar da su?"

Ya sunkuyar da kai. "Na tambaya."

"Ta ce me?"

"Ta ce in daina yi mata iyayi, in yi sauri in dawo kafin a lura."

Na ɗauko wayar na miƙa masa. Na ce, "Maimaita. Yadda ka faɗa mini, faɗa wa wannan. Ba kai nake nema ba, ɗana. Mutane su ji kawai, su dawo da buhunansu."

Ya kalli wayar kamar wuta ce. Jagoda ta shiga tsakaninmu.

"Kaka, ki rufa mini asiri. A saman shagonta nake kwana. Tukunya ɗaya muke ci. Jiya ko gaisuwata ba ta amsa ba don ta ji na yi kuka a banɗaki."

"To ki ce ta cire hoton."

"Na ce. Ta ce in ta cire, kamar ta amsa laifi ne."

"Ai laifin ta yi."

"Kaka, sun riga sun mutu! Ko kin tona ba za su dawo ba."

Na ce, "Na rumfa fa? Su ma sun riga sun mutu? Shiga ki gaya musu."

Ba ta shiga ba. Yarinyar da ta koyi tafiya tana dafe da kejin nan, ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa ɗaga ƙafa. Ta ce, "Zan riƙa kawo miki daga albashina, a ɓoye." Na ce albashin mai gyaran gashi ba zai ciyar da su har ciyawa ta tsiro ba, ita ma ta sani. Radek ya buɗe mata mota. Ya juyo zai yi magana, wayarsa ta yi ƙara, ya duba sunan, ya shige ya tayar.

Da yamma saƙonta ya zo. Na sa wayar ta karanta mini sau biyu, da muryar nan tata da ba ta san abin da take faɗa ba. "Kaka ina son ki. Amma in kika sa sunanta a shafin, kin kashe mini aure. In kin yi, kada ki ƙara kirana."

Na zauna a kan bokiti a rumfa har ƙafata ta yi sanyi. Na duba ingiricin da ya rage, da damin Radek a kai. In na tsuke hannu zai kai farkon dusar ƙanƙara. Bayan nan babu. Masu riƙo irina na wasu garuruwa duk na kira su, kowa rumfarsa ta cika. Wani mutum ya ce zai karɓe su duka kyauta, na tambaye shi me zai yi da su, ya ce yana kiwon macizai.

Kun ga dai na sa sunanta. Jagoda, in kina karantawa, ban zaɓe su a kanki ba. Ke kina da baki, kina da ƙafa, ɗakinki yana nan ban taɓa komai ba, ko zanen gadon ban canza ba. Su ba su da kowa sai tsohuwa ɗaya.

Ku kuma masu karatu, ga gaskiya. Ba wanda ya ɗauki nauyina. Ba shago, ba kowa. Wanda yake da ingirici, ko rabin dami ne, ya kawo, in dai busasshe ne ba mai fumfuna ba. Wanda yake da ganyen karas, ko tattasai mai zaƙi da ya fara yaushi, ina so. In ba na nan a ajiye wajen Lucjan, gida mai koren ƙofa. Matar bushiya, ban ce ki hana su ba, amma ki raba biyu. Ban iya roƙo mai daɗi ba, da na iya da na yi.

Saura ke, Danuta.

Ranar Dukan Tsarkaka ta kusa, ranar da garin nan kaf yake zuwa maƙabarta da fure da kyandir. Na san inda kike kafa teburinki, dama da babbar ƙofa, inda ba mai shiga sai ya wuce ta gabanki. Zan zo da kujerata in zauna kusa da ke tun buɗe ƙofa. Ba zan zage ki ba, ba zan taɓa tukunyar furenki ko ɗaya ba. Duk wanda ya miƙo hannu zai saya, zan ce masa ya dakata, akwai tambayar da mai shago ba ta amsa ba. Ki kira 'yan sanda in kin so, su ɗauke ni da kujerar.

Kafin ranar, ki cire hoton. Ki rubuta a wurinsa, da sunanki, cewa ba ki taɓa ba rumfata ko tsinke ɗaya ba, kuma furenki ne ya kashe su. In ba ki yi ba, a gaban masu zuwa gaida matattunsu za ki gaya mini abin da ya sa, da ɗanki ya tambaye ki ko zai cutar da su, kika ce ya yi sauri.

Ki amsa, Danuta. Me ya sa kika ce ya yi sauri?